Yaushe Zai Zauna, Yaushe Zai Taka? Tambayoyin Iyaye Kan Renon Ƙananan Yara

Duk wanda ya taɓa reno ya san tambayoyi ba sa ƙarewa, kuma galibi tsakar dare suke zuwa, lokacin da babu wanda za a tasa a tambaya. Na tattara waɗanda aka fi yi mini, da waɗanda ni ma na yi wa kaina a kan 'ya'yana uku. Shafin nan ba ya maye gurbin likita. In jikin yaro ya ba ku tsoro, ku kai shi a duba shi, karatu ya jira.

Ɗan maƙwabciyata ya fara tafiya, nawa kuwa da suke sa'anni ko tsayuwa bai yi ba. Akwai matsala ne?

Wannan ce uwar tambayoyin, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa bin diddigin lafiyayyun yara 816 a ƙasashe biyar, wato Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, ana rubuta lokacin da kowannensu ya fara zama da rarrafe da tsayuwa da tafiya. Da aka fitar da sakamakon a 2006, sai aka ga tazarar da ke tsakanin yara ta wuce zaton iyaye nesa ba kusa ba. Zama ba tallafi, wani yana yin sa tun kafin ya cika wata 4, wani sai ya haura wata 9. Tsayuwa ba riƙo, daga wata 7 zuwa wajen wata 17. Tafiya kuwa daga wata 8 har kusan wata 18. Ki duba da kyau, tsakanin mai saurin takawa da mai nawa akwai wata 9 da 'yan kai, kuma dukkansu lafiyarsu ƙalau.

'Yata ta fari ta taka tana da wata 10. Ƙaninta ya kai wata 16 yana jan gindi, har wandunansa duka suka koɗe ta baya, ni kuwa na rame da tunani. Ranar da ya ga dama babu wanda ya roƙe shi. Ƙwallo ce ta gangara, ya saki gefen gado, ya yi taku huɗu hannuwa a sama kamar wanda aka ritsa, ya zauna daɓas, ya juyo yana kallon mu yana mamakin ihun da muke yi. Yau in suka yi tsere shi ke gaba.

Abin da za ki sa wa ido shi ne ko yana ci gaba, ko da a hankali ne. Wanda watan jiya yake kifewa in an zaunar da shi, yau kuma yana zaune daram har yana miƙa hannu ya ɗauki abu, yana kan hanya. Amma a kai shi a duba in ya cika wata 9 ba ya zama, ko wata 18 bai taka ba, ko jikinsa ya cika laushi kamar ba ƙashi, ko ya cika sandarewa, ko gefe ɗaya kawai yake amfani da shi. Wanda ya fi duka: in ya daina yin abin da ya riga ya iya. Wannan ba a zuba masa ido ko na mako guda.

Ai an ce da rarrafe yaro kan tashi. Nawa bai taɓa yi ba.

Karin maganar ta faɗi gaskiya a kan yawancin yara, ba dukkansu ba. A wancan binciken, kimanin 4 cikin 100 ba su taɓa rarrafe da hannu da gwiwa ba. Wasu jan ciki suke yi, wasu jan gindi, wasu mirginawa har su isa inda suka nufa, sannan wata rana su kama kujera su miƙe. Muddin yana da dabarar kai kansa wurin abin da ya hango, hannuwa da ƙafafu kuma duk suna aiki, ki ƙyale shi.

Bakwaini na haifa. Da wane lissafi zan auna shi?

Da ranar da ya kamata a haife shi. In ya zo da saura wata 2, to lokacin da ya cika wata 6 a duniya, abin da ake nema wurin ɗan wata 4 za ki nema a wurinsa. Likitocin yara kan yi wannan ragi har yaro ya kai shekara 2. Allurar rigakafi ce ba ta bin wannan lissafi, ita daga ainihin ranar haihuwa ake ƙirga ta.

Ta yaya zan san nono yana isar jaririna?

Sikeli da ƙunzugu su ne shaidunki. Kusan kowane jariri yana raguwa a kwanakin farko, wani har kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin haihuwarsa, sannan ya mayar da abinsa cikin kwana 10 zuwa 14. Daga nan nauyin kan ninka biyu wajen wata 5, ya ninka uku a shekara guda. Daga rana ta biyar, in yana jiƙa ƙunzugu sau 6 ko fiye tsakanin yini da dare, yana kuma kama nono sau 8 zuwa 12, to yana samun rabonsa. Yawan neman nono ba alamar ƙarancinsa ba ce. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, nono kuma saurin narkewa gare shi, sannan jikin uwa yana kawo shi ne gwargwadon tsotson da ake yi. Dakashi kuma, wato ruwan farko mai kauri mai ɗan rawaya, kada a matse shi a zubar. Cike yake da sinadaran da ke kare jariri daga cututtuka.

Ko ana tsananin zafi ba zan ba shi ruwa ba?

Kafin wata 6, a'a. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, in ƙishi ne ki ƙara ba shi nonon. Ruwa yana cika masa ciki ya rage tsotso, yana kuma iya shigo da ƙwayoyin cuta. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce nono zalla har wata 6, daga nan a haɗa da abinci mai laushi, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Dalilin fara abinci a wata 6 shi ne, sinadarin ƙarfen da aka haifi yaro da shi a ajiye ya fara ƙarewa, nono kaɗai ba ya cike gurbinsa. Zuma kuwa haramiyarsa ce har ya cika shekara guda. Tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta wadda hanjin babba ke gamawa da ita, amma a hanjin jariri sai ta tsiro ta fitar da guba mai sa jiki ya saki har numfashi ya gagara.

Kullum rana ta faɗi sai ya yi ta tsala kuka, alhali ya ƙoshi kuma ba ya jiƙe. Me ke damun sa?

Sau da yawa babu komai sai shekarunsa, ko in ce makonninsa. Kukan jarirai yana ƙaruwa daga mako na biyu, ya kai ƙololuwa wajen mako na shida, ya lafa tsakanin wata 3 da 4, kuma yamma ce lokacinsa. Tun 1954 wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya kafa ma'aunin da har yau ake ambato don gane kukan da ya yi yawa: sama da awa 3 a rana, kwana 3 a mako, har tsawon mako 3. Ko waɗanda suka kai wannan ma'auni, mafi yawansu lafiyayyu ne, suna ƙiba, kuma abin yana wucewa da kansa.

Ki sa shi ya yi gyatsa, ki rungume shi a ƙirji, ki rage haske da hayaniya, ki yi ta zagaye da shi. Wata rana ya yi aiki, wata rana ya ƙi. In kika ji zuciyarki ta kawo wuya, ki kwantar da shi a wurin da ba zai faɗo ba, ki fita ki sha iska na minti 5 ko 10. Kukan ba zai cutar da shi ba, amma girgiza shi da ƙarfi cikin fushi yana iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwarsa, saboda kansa ya fi ƙarfin wuyansa. Duk mai taimaka miki da reno ki gaya masa wannan ɓaro-ɓaro. In kukan ya haɗu da zazzaɓi, ko ƙin nono, ko koren amai, ko jini a kashi, ko kumburin ciki, wannan na asibiti ne.

Barcin awa nawa yaro ke buƙata, kuma yaushe zan samu nawa?

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce daga haihuwa zuwa wata 3 awa 14 zuwa 17, daga wata 4 zuwa 11 awa 12 zuwa 16, ɗan shekara 1 zuwa 2 awa 11 zuwa 14, ɗan shekara 3 zuwa 4 awa 10 zuwa 13, har da barcin rana a ciki. Matsalar ita ce sabon jariri bai san dare da rana ba, a gutsuttsure yake yin nasa. Agogon jikinsa yana fara daidaita wajen wata 3. Abin da na ga yana taimakawa shi ne a bar shi ya ga hasken rana da safe, da dare kuma a shayar da shi a duhu ba hira ba wasa, sannan a riƙe tsari guda kafin kwanciya kullum, ko da wanka ne da 'yar waƙa. Naki barcin kuwa, ba zan yi miki alkawari ba. Yara da yawa suna farkawa da dare har bayan shekara guda.

Rigingine zan kwantar da shi ko ruf da ciki?

Rigingine, kowane barci, har ya cika shekara guda. A 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantar da jarirai ruf da ciki, aka bi da gagarumin gangami a 1994, kuma mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi a ƙasar. Shimfiɗa ta zama mai tauri, ba filo, ba tarin barguna, ba hayaƙin taba a ɗakin. Masu tsoron kada ya shaƙe da tumbuɗi su kwantar da hankali, lafiyayyen jariri yana juya kai ya haɗiye ko ya tofar. Ruf da ciki na lokacin da yake farke ne kina kallon sa, kimanin minti 30 a rarrabe cikin yini, don wuya da kafaɗu su yi ƙwari. In ya kai yana mirginawa gaba da baya da kansa, ba sai kin tashi kina juya shi ba.

Maɗigarsa tana motsi. Lafiya?

Lafiya lau, bugun jini ne kike gani. Ƙasusuwan kai ba su haɗe ba tukuna, don ƙwaƙwalwa ta samu wurin girma, kuma maɗigar gaba kan rufe tsakanin wata 12 da 18, wani har kusan shekara 2. In ta faɗa ciki, musamman ana gudawa ko amai, ruwan jikinsa ne ya ƙare. In ta kumbura ta yi tauri alhali ba kuka yake ba, a garzaya asibiti.

Fitar haƙori ce ke sa masa zazzaɓi da gudawa?

Haƙori ya sha ɗaukar laifin da ba nasa ba. Yana sa dalalar miyau, da ƙaiƙayin dasashi, da ƙananan rigima, jiki ma yakan ɗan yi ɗumi. Zazzaɓi mai zafi da gudawa ba aikinsa ba ne. Abin da ke faruwa shi ne, na farko yana fitowa wajen wata 6, daidai lokacin da kariyar da yaro ya samo daga jikin uwa take ja baya, ya fara cin abinci, kuma duk abin da hannunsa ya kai sai baki. Cututtuka da haƙori sai su iso tare, a ɗora wa wanda ake gani.

Ni ma ta taɓa ritsawa da ni. Kwana biyu ɗana yana zafi kamar garwashi, yana jan kunne, ina cewa haƙori ne, da na hango fari-fari a dasashinsa ma sai na ƙara samun hujja. A rana ta uku likita ta leƙa kunnen, ta ce ciwo ne har ya tara ruwa. Haƙorin ya fito kuwa, amma ba shi ne mai laifin ba.

Na ƙasa biyu na gaba su ke fara fitowa, kuma kafin shekara 3 an cika 20. Wani yaron sai ya shekara bakinsa wayam, ba komai. A fara goge su tun daga na farko, da man goge baki kamar ƙwayar shinkafa. Kada a ce ai za su zube: su ke riƙe wa na dindindin wuri har lokacin famfara, wajen shekara 6.

Da kowa yake zuwa, yanzu ko kakarsa ta miƙo hannu sai ihu. Me ya kawo ƙiwa?

Wayo ne ya zo. Wajen wata 7 zuwa 9 yaro yana bambance nasa da baƙo, yana kuma gane cewa abin da ya ɓace wa ido yana nan a wani wuri. Da can in kin fita kin fita ke nan, yanzu ya san kina wani wuri ba tare da shi ba, kuma bai yarda ba. Abin yakan yi tsanani tsakanin wata 10 da 18. A roƙi kaka ta yi haƙuri, ta zauna kusa tana hira da ke har ya saki jiki da kansa. In za ki fita, ki yi masa sallama a taƙaice ki tafi. Sulalewa a ɓoye tana hutar da ke yau, amma gobe ko bayi ba zai bar ki ki shiga ke kaɗai ba.

Keken koyon tafiya yana sa yaro ya yi saurin takawa?

Ba ya sawa. Yaron da ke ciki da yatsun ƙafa yake tura kansa, ba ya koyon daidaita jiki, ga shi yana isa wurin wuta da matakala da ruwan zafi kafin a ankara. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Tsabtataccen daɓe da kujerar da zai dafa sun fi masa.

Ya kusa shekara 2 bai fara magana sosai ba. In jira?

Magana tana da nata matakai kafin kalma. Murmushin amsawa wajen mako 6 zuwa 8, gwarancin "ba-ba-ba" tsakanin wata 6 da 9, nuni da yatsa da kalmar farko wajen shekara guda, haɗa kalma biyu kamar "ba ni" ko "Baba tafi" wajen shekara 2. Fahimta kullum tana gaba da furuci. Yaron da za a ce masa "ɗauko takalminka" ya je ya ɗauko, yana nuna abu ya juyo ya ga ko kin gani, yawanci bakin ne kawai ya yi nauyi.

Amma a nan ba na goyon bayan dogon jira. In ya shekara ba gwaranci ba nuni, ko ya kai wata 18 ba kalma ko ɗaya, ko shekara 2 ba ya haɗa biyu, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, a fara da gwajin ji, sannan a duba yadda yake hulɗa da mutane. In akwai abin gyara, da wuri ya fi kamuwa. Maganar "ai kawunsa ma sai da ya shekara 4" ba ta duba kunnen kowa ba.

Harshe biyu muke yi a gida. Zai rikice?

Ba zai rikice ba. A haɗa kalmominsa na harsunan biyu a ƙirga su tare. Gauraya su cikin jimla guda ma ba ruɗewa ba ce, manya masu harshe biyu haka suke yi. I'ina kuma tana yawan leƙowa tsakanin shekara 2 da 5, lokacin da tunani ya fi baki gudu, kuma mafi yawan yara tana sakin su. Kada a ƙarasa masa magana, kada a kwaikwaye shi. In ta wuce wata 6, ko yana yamutsa fuska yana kokawa da kalma, a nemi masani.

Da yana ci kamar gara, yanzu loma uku ya kawar da kai.

Girmansa ne ya rage gudu. Wanda ya ninka nauyinsa uku a shekarar farko, daga shekara 2 kilo 2 kacal yake ƙarawa a shekara, ko sama da haka kaɗan. Ƙyamar sabon abinci ma ta wannan lokacin ce, wani abin sai an ajiye masa sau 10 ko 15 kafin ya yarda ya ɗanɗana. Ku zaɓi abin da za a ci da lokacin ci, shi ya zaɓi yawan da zai ci, kuma ku auna cinsa da mako, kada ku auna da yini. A rage kayan zaƙi da abin sha tsakanin abinci. Ɗura kuwa a bar ta gaba ɗaya: yaron da ake danne wa hanci yana kuka, abinci na iya bi masa ta hanyar iska ya sauka a huhu. Ya ci a zaune, kuma a nisanta shi da duk wani abu ƙarami mai tauri ko mulmulalle da zai iya maƙale masa a wuya.

Abu kaɗan sai ya faɗi yana birgima. Shagwaɓa ce?

Tsakanin shekara 1 da rabi zuwa 3 kusan kowane yaro yana yi. Son ransa ya girma, bakinsa bai kai ya faɗa ba, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke taka wa fushi burki kuma shi ne na ƙarshen nuna. Na taɓa ganin ɗiyata ta kwashe minti 20 a ƙasa saboda na ba ta ruwa a shuɗin kofi, alhali ita ce ta ce shuɗin take so. Da ta gama, ta tashi da majina har haɓa, ta sha ruwan a kofin, ta ce in ɗauke ta. Daga baya na lura barcin rana ne ba ta yi ba. Yunwa da gajiya su ne rabin rigimar yara.

Lokacin da abin ya tashi ba a wa'azi, ba ya jin ki. Ki kawar da abin da zai ji masa ciwo, ki tsaya kusa, ki bari ta lafa. In kin ce a'a, ki tsaya a kanta, don in birgima ta taɓa buɗe ƙofa sau ɗaya, ya sami mabuɗi. Wasu yaran sukan shiɗe, su ɗauke numfashi har leɓe ya canza launi. Abin tsoro ne a ido, amma yakan wuce cikin ƙasa da minti guda. A kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa komai a baki, sannan a kai shi a duba, domin ƙarancin jini yana ƙara yawan shiɗewa.

In ban doke shi ba, ta yaya zai ji?

Na san wannan amsar ba za ta yi wa kowa daɗi ba. Duka yana tsayar da yaro nan take, shi ya sa muke ganin kamar yana aiki. Abin da yake koya masa shi ne ya kiyayi idonka, ya kuma gane cewa babba yana dukan ƙarami, darasin da zai gwada a kan ƙaninsa kafin magariba. Suwidin ce ta fara haramta dukan yara har a cikin gida a 1979, yanzu ƙasashe fiye da 60 sun bi sahu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma mai tanƙwara icce a hankali yake bi, kullum ta gefe guda. Dokoki kaɗan, waɗanda uwa da uba suka yi baki ɗaya a kansu. Ka durƙusa daidai tsayinsa, ka faɗi abin da kake so ya yi a gajarce. Ya yi jifa da abin wasa, a ɗauke abin wasan. Ya zubar, ya taya gogewa. Ranar da ya yi daidai kuma ka nuna ka gani.

Yaushe zan fara ɗora shi a fo, kuma yaushe fitsarin kwance ke zama matsala?

Ki bi alamu: yana yin awa 2 a bushe, yana sanar da ke ko yana laɓewa in zai yi, yana iya sauke wando. Yawanci tsakanin wata 18 da shekara 3 ne. Dare kuwa ba a koyar da shi. Sai jiki ya fara fitar da isasshen sinadarin da ke rage fitsari cikin barci, ƙwaƙwalwa kuma ta iya jin cikar mafitsara ta tashe shi. Kimanin yara 15 cikin 100 suna fitsarin kwance a shekara 5, kuma yana bin jini, sau da yawa in an bincika akwai wanda ya yi a gidan. Gori da tsawa ba sa busar da katifa. In ya daina na wata 6 sannan ya dawo, ko yana yawan ƙishi, ko fitsarin na masa zafi, ko bayan gidansa na bushewa, a ga likita.

Waya ce kawai ke sa shi ya zauna shiru. Laifi ne?

Ƙa'idar nan ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta ce kafin shekara 2 babu kallon allo, daga 2 zuwa 4 kada ya wuce awa guda a rana, in an rage ma ya fi. Yaro yana koyon magana ne daga fuskar da ke amsa masa. A shekarun 1970 masanin halayyar yara Edward Tronick ya yi wani gwaji: uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta daskarar da fuska na ɗan lokaci. Jaririn ya yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara don ya dawo da ita, da ya ga ba amsa sai ya kawar da kai ya fashe da kuka. Duk sa'ad da na tuna gwajin nan, wayar da ke hannuna nake fara kallo kafin ta hannun yaro.

Tun da aka haifi ƙanwarsa ya koma jariri.

Sarautarsa aka karɓe ba shawara. Komawa fitsari a wando, da maganar jarirai, da neman nono, duk neman tabbaci ne cewa ba a sauya shi ba. Ki ware masa minti 10 nasa shi kaɗai kullum, ki ba shi aikin yaya kamar miƙo ƙunzugu, ki kuma rage cewa "saboda ƙanwarka" duk lokacin da za ki hana shi abu. Kada a bar su su biyu ba babba, ko da ƙaunar ta yake yi.

Na haihu lafiya, amma kuka nake yi ba dalili. Ni kaɗai ce?

Ba ke kaɗai ba ce. Mata da yawa suna shiga ƙunci da saurin hawaye a kwanakin farko, saboda sauyin sinadaran jiki da rashin barci, ya wuce cikin mako 2. In ya zarce haka, ba kya jin daɗin komai, ba kya iya barci ko jariri ya yi, ko tunanin cutar da kanki ko shi yana zuwa miki, wannan ciwo ne mai magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kimanin mata 13 cikin 100 suna fama da irin wannan bayan haihuwa. Maigida, sau da yawa kai za ka fara lura. Ka karɓi jaririn ta samu barci mai tsawo, ka raka ta asibiti, ka ajiye "ki yi haƙuri" zuwa wani lokaci.

Waɗanne alamu ne ba a jira gari ya waye?

Zazzaɓin da ya kai digiri 38 ga jaririn da bai cika wata 3 ba. Kasa shan nono ko ruwa. Amayar da duk abin da ya shiga ciki. Jijjiga. Yaron da ya yi lagwas, ana tashin sa ba ya farkawa sosai. Ƙirji yana faɗawa ciki in ya ja numfashi, ko numfashin ya yi sauri: a ƙirga na minti guda yana kwance shiru, 60 ko fiye ga wanda bai kai wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa 11, 40 daga shekara 1 zuwa 5. Ciwon shawara, wato jiki ya yi rawaya, a ranar farko ta haihuwa, ko wadda ta sauka har tafin hannu da ƙafa. In gudawa ce, a fara ba da ruwan gishiri da sukari tun a gida, a ci gaba da nono. Mura kawai kuwa, sau 6 zuwa 8 a shekara ba abin mamaki ba ne ga ƙaramin yaro.

Da hagu yake kama cokali. In canza masa?

Ki bar shi. Kusan mutum 1 cikin 10 bahago ne, kuma hannu yana tsayawa ne tsakanin shekara 2 da 4. Wanda ya kamata a duba shi ne jaririn da tun kafin ya shekara ya ƙi amfani da hannu ɗaya sam.

Ɗan shekara 4 ya fara yi mini ƙarya ido da ido. Na lalata tarbiyyarsa ne?

A'a. Kafin yaro ya yi ƙarya sai ya gane cewa abin da ke cikin kansa ba ya cikin naki, kuma wajen shekara 4 wannan fahimta take zaunawa. Wani lokacin ma labarin da yake so ya zama gaskiya yake ba ki. Kada ki yi masa tambayar da kin san amsarta, don kin gina masa rami ne. Wata rana na tarar da bangon ɗaki ya sha zanen biro, ɗana na tsaye hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu. Na ce wa ya yi wannan? Ya dubi bangon, ya dube ni, ya ce ƙanwarsa ce, wadda a lokacin watanta 3 kuma tana barci. Na juya baya na gama dariyata a ɓoye, sannan na ɗauko soso biyu na ce, "Na ga ka yi zane a bango. A takarda ake yi. Zo mu goge." Muna cikin gogewa ya nuna mini wani dogon layi mai ƙafafu shida, ya ce wannan ni ce, in bar shi kada in goge.